Bakaniken da Ya Toshe Bakin Babur

An yi wani mutum a ƙasar Batsari, bakanike, wanda ya toshe bakin babur da hannunsa, babur ɗin ya je ya cinye gidansu. Bai taɓa riƙe bindiga ba. Sifana da kan walda kawai ya riƙe, su ne kuma suka kai shi inda ya je.

Ya 'yan uwa, ku ba ni kunnuwanku, labarin ba daɗi.

Mutumin nan ɗan wani ƙauye ne can bayan Wagini, a bakin daji. Uwarsa Inno da matarsa Mahfuza suna ƙauyen, shi kuma ya kafa rumfar gyara a Safana, sai ranar Juma'a yake leƙo gida. Allah ya ba shi hannu. Babur ko ya shekara a kwance, in ya taɓa shi sai ya tashi.

Tun da ɓarayin daji suka addabi yankin, mutanen ƙauyensu suka yi wata dabara. Akwai dutse a yammacin gonaki. Suka rataye tsohon wilin mota a kansa, irin wanda ake kaɗawa a makaranta. Kullum in an fita gona, gida ɗaya zai ba da mutum ɗaya ya hau dutsen. Ba ya noma, ba ya hira, aikinsa saurare. Suna ce masa mai kunne. Da ya jiyo rurin babura daga yamma sai ya kaɗa ƙarfen, mata su kwashi yara su faɗa cikin dawa, maza su kore shanu. Kunnen nan shi ne katangar garin. Bakaniken ya san haka sarai, don shi da kansa ya yi waldar ƙugiyar da aka rataye wilin.

Wata rana wani mai suna Daudu ya zo rumfarsa da sabon babur dal, leda ma ba a yage ba. Ya ce shi ɗan kasuwar hatsi ne, tafiya mai nisa zai yi, hanya ba kyau, yana so a shirya masa babur. Ya shiga lissafa abin da yake so. A cire madubi. A cire fitilun sigina. A faɗaɗa tanki ya ci mai ninki biyu. A sa tayoyi masu haƙora na shiga yashi da laka. A ƙara ƙarfin shokazoba don ya ɗauki nauyi. A tsawaita kariya, wato mazaunin kaya na baya, da ƙarfe mai kauri, a sa matakin ƙafa a bayanta yadda mutum uku za su zauna daram. Da ya gama sai ya rage murya ya ce a kashe masa kukan salansa, bututun hayaƙin nan, ba ya son hayaniya.

Ku gaya mini, buhun gero yana da ƙafar da zai taka? Wane ɗan kasuwa ne ke tsoron a ji zuwansa?

Bakaniken ya gane. Ya dubi takalmin roba da ke ƙafar Daudu, ya dubi kantar igiyar rataya bindiga a kafaɗarsa, ya gane tsaf. Amma Daudu bai yi ciniki ba, abin da aka faɗa shi ya ajiye. Mutumin ya ce wa zuciyarsa, ni gyara nake, inda babur zai je ba ruwana.

Ya zage ya yi aiki. Ya juye baƙin mai, ya ɗaure kowane noti, ya ja cen, ya daidaita birki. Da ya zo kan salansa sai ya tsaga cikinta, ya cusa soson ƙarfe na wanke tukunya har ta cika, ya mayar ya liƙe. Ya tayar da babur, sai huci kawai yake kamar kumurci. Daudu ya yi dariya ya ce, "Oga, hannunka ya fi na boka."

Bayan wannan babur, wasu suka biyo. Soso ya ƙare a shagunan kusa da shi, sai ya riƙa saye ranar Juma'a wurin wata tsohuwa mai talla a ƙauyensu, har tana yi masa tsiya wai ko tukwanen Safana duka Mahfuza ke wankewa.

Wansa Malam Tayyib, mai koyarwa a Islamiyya, ya biyo ta rumfar wata rana ya ga babur ba madubi ba kuka. Ya ja shi gefe ya ce, "Kai, ka ji tsoron Allah. Wanda ya wasa wa ɓarawo wuƙa, da shi aka yi yankan." Ya amsa masa da cewa malam ya tsaya kan allonsa, su Daudu sun yi masa alkawari ba za su taɓa ƙauyensu ba. Alkawarin ɓarawo! Kura ta rantse ba za ta ci akuyar gidanku ba, ka je ka yi barci?

Kaka ta yi, aka fita cirar gyaɗa. Ran nan layin saurare ya zo kan gidansu. Shi ya kamata ya hau dutse, amma ya aiko cewa aiki ya yi masa yawa. Inno ta ce ita za ta hau, ido ne ya tsufa, kunnenta garau yake.

Hantsi ya dubi ludayi, gonaki cike da mutane. Inno na zaune da sandar ƙarfe a hannu, ta kasa kunne yamma. Tana jin kukan kurciya, tana jin waƙar mata masu tsinkar gyaɗa. Babura ba ta ji ba, sai da suka fito daga kwazazzabo a gindin dutsen. Ta ɗaga sanda ta buga sau ɗaya, harsashi ya same ta a wuya, ta gangaro.

Aka buɗe wuta a kan mutane, fartanya ce kawai a hannunsu. Wani tsoho ya faɗi a kan kunyar da yake tona. Wani ya ruga ya tare shanunsa, aka sare shi da adda. Suka banka wa rumbuna wuta, suka kore dabbobi, suka kwashi mata. Mahfuza, da cikinta ya fara fitowa, a kan doguwar kariyar nan aka ɗaure ta, ƙafarta a kan matakin da mijinta ya yi wa walda.

Babur ɗaya ya kife a kwazazzabo, suka bar shi. Bayan an rufe gawarwaki, matasan gari suka ce sai sun ga abin da ya hana mai kunne ji. Suka fasa salansa da gatari. Soson wanke tukunya ya zubo, baƙi ƙirin.

Shi kuwa yana zaman makoki sai ga kiran Daudu a waya. Ya ce yaran ba su san matarsa ce ba, amma tunda ta shigo hannu, ya kawo sabon babur, ya yi masa irin aikin nan, ya karɓi abarsa.

Ya 'yan uwa, nan ne ƙofar tuba ta buɗe masa. Da ya tashi gaban jama'a ya faɗi gaskiya, da an haɗu an nemi mafita. Bai yi ba. Ya sayar da gonarsa a ɓoye, ya sayo babur ya ɓoye a kangon gidansu, ya tafi wurin tsohuwar nan ya ce ta ba shi soso duk abin da ke gare ta. Tsohuwar nan kuwa, ɗanta na cikin waɗanda aka rufe. Ta dube shi, ta dubi tiren tallarta, ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu.

Matasa suka ja shi har kangon, suka tarar da babur an riga an tsaga salansarsa. Suka cinna wa babur ɗin wuta. Shi kuma suka danne hannunsa na dama a kan turmi, suka bi yatsun da gudumarsa ɗaya bayan ɗaya. Suna shirin ƙarasa shi, sai Malam Tayyib ya faɗa kansa ya ce sai dai su haɗa da shi, ga hukuma nan a kai mata. Abin da matasan suka yi ba shari'a ba ce, kuma ba a yaba musu ba. Amma wa ya kunno wutar?

Allah ya hana mu taimakon juna a kan zunubi da zalunci. Kai mai gyara, kai mai kai fetur daji, kai mai kai burodi da katin waya, kada ka ce ba ka harbi kowa ba. Bindiga ba ta da ƙafa, kai ne ƙafarta. Sana'arka halal ce, sai ranar da ka san inda aikinka zai je ka kau da kai.

Daudu ya jira babur bai gani ba. Bayan kwanaki masu itace suka tsinci Mahfuza a bakin kwazazzabo, hannuwanta ɗaure da igiyar roba ta daurin kaya. Aka rufe ta kusa da Inno, ita da abin da ke cikinta. Ba ta taɓa sanin abin da mijinta yake yi da soso ba.

Allah ya tsare hannuwanmu daga aikin da zai dawo ya ci namu. Allah ya kiyaye mu, amin.