Fuskokin da Ba Sa Tsufa a Hoto

Akwai wani malamin Turanci da ɗalibansa suka laƙaba wa suna Malam Ƙamus. Gaskiya mutumin ya san aikinsa. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana koyarwa a sakandare ɗaya, kuma duk ɗalibin da ya bi ta hannunsa ba ya jin kunyar rubuta wasiƙa. Aibinsa guda ne, shi ne kuma ya sa nake rubuta muku labarin nan raina a ɓace: a wurinsa, wanda bai iya Turanci ba bai iya tunani ba.

Mutumin da ko gaisuwa ka tura masa a waya, sai ya gyara maka rubutu kafin ya ce lafiya lau.

Yana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda kowa ke kira Mai Hoto. Shi bai yi nisa a boko ba. Ɗan shagonsa na tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da takalma, da shuɗin labule a bango, da doguwar kujera, da fitilu biyu masu lema. Sama da shekara ashirin shi ke zagaya makarantu a ƙarshen shekara yana ɗaukar hoton malamai da na 'yan aji, har da makarantar ƙanin nasa.

Wata Litinin sai ga saƙon imel daga wata makaranta mai zaman kanta a ƙasar waje, irin waɗanda ke koya wa manya da yara Turanci. Sun yi hira da Malam Ƙamus ta bidiyo, hirar da ba ta kai minti goma sha biyar ba, suka ce shi suke nema. Awa ashirin a mako, masauki kyauta, tikitin jirgi a kansu. Sharaɗinsu ɗaya, ya ba da amsa kafin Juma'a, ya iso cikin mako uku.

Ya dawo gida bakinsa har kunne. Matarsa ta taya shi murna, sannan ta ce da zai nuna wa Yaya kafin ya ajiye aikin da ke hannunsa, tun da da shi suke ci, su da 'ya'yansu uku. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya tambaye ta ko Yaya zai karanta kwantiragin ne da kyamara.

Sai dai biza na buƙatar ƙananan hotuna, don haka washegari dole ƙafarsa ta kai shi shagon. Ana jiran hotuna su fito, ya buɗe shafin makarantar a wayarsa ya miƙa wa wansa. Ba shawara ya je nema ba, so yake a ce kai, madalla.

Mai Hoto ya sa gilashinsa. Bai kula rubutun ba, ya wuce kai tsaye wurin hotuna. Yana jawo su da yatsu biyu, yana komawa baya, yana sake jawowa. Sannan ya ɗago kai.

"Auta, makarantar nan shekararta nawa?"

"Tara. Kuma na sha gaya maka ka daina kirana Auta a gaban mutane."

Jama'a, su biyu ne kawai a shagon.

Mai Hoto ya ce ya ga hoton malamai na shekara biyar a jere, kowanne mutum goma sha huɗu. A cikinsu fuska biyu ce kaɗai ta maimaitu: mai kwat ɗin da ke tsakiya, da wani tsoho a gefe riƙe da makullin mota. Sauran sha biyun, kowace shekara sababbi ne fil. Ya kuma nuna masa rigunansu, kowace da layin ninki a ƙirji, irin na rigar da aka zaro daga akwatin tafiya ba a goge ba. Ya ce waɗannan mutanen ba su kwana uku a garin ba aka jera su.

Sai ya jawo wani tsohon albam daga ƙarƙashin tebur, na makarantar Malam Ƙamus. Ya nuna masa malamin lissafi, nan gashinsa baƙi wuluk, nan furfura ta fara, nan sanƙo ya gama aikinsa. Ya nuna masa malamar kimiyya da ciki, ya buɗe gaba ya nuna 'yar da ta haifa ta girma tana riƙe da allon shekara. Ya nuna masa shi kansa, siriri da ƙaton naktaye a ƙarshen layin baya, sannan a layin tsakiya, sannan bara, zaune a kujerar da ke dama da shugabar makaranta.

"Ni ban iya Turanci ba," in ji shi. "Amma makarantar kirki, malamanta a cikin hoto suke tsufa. Ka ce su ba ka lambar malami ɗaya da ya shekara biyu, da ɗaya da ya bar su. Kuma kada ka ajiye aiki, ka nemi hutun shekara."

To a nan ne mutumin naku ya cika ya batse. Ya ce shi ya karanta kwantiragi shafi takwas, bai ga kuskuren nahawu ko ɗaya ba, kuma mutanen da ke rubutu haka ba 'yan wasa ba ne. Ya juye harshe ya yi ta zuba Turanci, alhali ya san wanda ke gabansa ba ji yake ba. Da ya gaji ya dawo Hausa.

"Yaya, kowa ya tsaya inda Allah Ya ajiye shi. Kai dai ka riƙe 'ɗaga haɓa, kalli nan.' Wannan maganar ta fi ƙarfin shagon nan."

Maganar ta soki Mai Hoto, don sai da almakashin yanke hoto ya tsaya a hannunsa. Amma ya daure. Ya yanke hotunan, ya sa a ambulan, ya yi masa addu'ar Allah Ya sa a je a sa'a.

Kada in zalunce shi, ya ɗan gwada. Ya tura wa Daraktan makarantar, wato mai kwat ɗin nan, tambaya ko zai iya magana da wani tsohon malami. Amsa ta zo layi biyu: malamai duk suna fama da aiki, kuma akwai mutum shida da ke jiran gurbin idan shi yana shakka. Kun san abin da Malam Ƙamus ya yi? Haƙuri ya bayar. Shi ya yi tambayar da ta dace, shi kuma ya nemi gafara.

Ranar Alhamis ya kai wa shugabar makarantarsu takardar ajiye aiki. Shafi uku, wallahi. Bayan manyan kalmomin da sai ta nemi fassararsu, ya jero mata laifuffukan makarantar, tun daga fankar ɗakin malamai da ba ta juyawa har zuwa rufin da ke yoyo. Baiwar Allah ta karanta, ta ninke, ta ce ita za ta iya sa masa hannu a hutun shekara ɗaya ba albashi, in ya so ya je ya gani. Sau biyu tana maimaitawa. Ya ce shi in ya sa gaba ba ya waiwaye.

A filin jirgin can, wanda ya zo ɗaukarsa riƙe da kwali mai sunansa shi ne tsohon nan mai makullin mota. Tsohon ya dubi manyan akwatuna biyu, ya ce masa da guntun Turancinsa kada ya zazzage kayan duka, ya bar rabi a ɗaure, zai fi masa sauƙi daga baya. Malam Ƙamus bai tambaye shi dalili ba. Gyara masa jimlar ya yi.

Washegari da safe aka ce kowa ya sa rigarsa mafi kyau, za a ɗauki hoto. Ya zaro tasa daga akwati, ya nemi dutsen guga babu. Da aka jera su a bakin ƙofa ya dubi ƙirjinsa, ga layin ninki. Ya dubi na damansa, ya dubi na hagunsa, kowa da nasa. A nan ya fara shan jinin jikinsa, amma aka ce a yi murmushi, ya yi. Ana gamawa sakatariya ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta karɓe fasfo, wai za a nema musu izinin aiki.

Daga nan ido ya fara raina fata. Awa ashirin ɗin ashe na tsayuwa gaban allo ne kawai. Makarantar reshe uku gare ta, kuma tsakanin wannan da wancan sai ya shiga bas biyu, don haka yana fita da sassafe ba ya dawowa sai rana ta faɗi. Masaukin kyauta ɗaki ne a saman makarantar, gado huɗu, taga ɗaya, murhu ɗaya. Ranar Asabar a bakin wani babban kanti suke wuni suna raba takardun talla, kuma fuskarsa ce a jiki, tana murmushi cikin riga mai layin ninki.

Abin da ya fi ci masa rai, Darakta ya kira shi ofis ya ce ya daina yi wa ɗalibai gyara, don su kwastomomi ne, kuma kwastoma ba ya son a ce ya yi kuskure. Ku duba fa, Malam Ƙamus guda, yana ji ana karya Turanci a gabansa yana gyaɗa kai yana cewa da kyau.

Rannan masu binciken ma'aikata suka zo. Kafin su hawo bene, sakatariya ta kora malamai cikin sito ta ja ƙofa. A can, tsugune tsakanin karyayyun kujeru da bokitin goge ƙasa, wani abokin ɗakinsa ya raɗa masa cewa duk bizar baƙi ce da su, ba a taɓa nema wa kowa izinin aiki ba. In ta kusa ƙarewa sai a sallame ka, a kawo wasu.

Duk wannan, in ya kira gida cewa yake komai lafiya lau. Matarsa dai ta ji muryar ba ta mijinta ba ce, don wata biyu cur bai gyara mata rubutu ba.

A wata na biyar Darakta ya miƙa masa fasfonsa, ya ce abin takaici izinin bai fito ba. Tsohon nan ne ya mayar da shi filin jirgi. A hanya Malam Ƙamus ya sauke girman kai ya tambaye shi yadda aka yi shi kaɗai ya daɗe a wurin. Tsohon ya ce shi surukin Darakta ne, in ya tafi ina za shi. Da suka isa ya sauke masa akwatuna, ya yi masa sallama, sannan ya zaro wani sabon kwali daga ƙarƙashin kujera, da sunan wani a jiki, ya nufi ƙofar masu sauka.

Mako uku ya yi a gida ko ƙofar waje bai leƙa ba. Da zaman ya ishe shi, ya sa kai ya tafi wurin tsohuwar shugabarsa jiki a sanyaye. Ta karɓe shi hannu biyu, ta sa aka kawo masa ruwa, ba ta ko ambaci shafi ukun nan ba. Ta ce ta riƙe masa gurbin wata guda bayan tafiyarsa, daga baya dole ta ɗauki wata malama, kuma yarinyar tana ƙoƙari.

"Sai dai in wani ya bar aiki," in ji ta. "Kuma kai ma ka sani, Malam, a nan ba a cika barin aiki ba."

Ya fito bai san ta wace ƙofa ya bi ba.

Ni abin da ya fi taɓa ni a labarin nan shi ne Mai Hoto. Da ni ne, Allah na tuba, sai na yi wata guda ina tuna masa. Shi kuwa ko sau ɗaya bai ce ai na gaya maka ba. Wata safiya ya zo gidan ya ce bayansa na damunsa, ga ƙarshen shekara ta zo, makarantu sun yi masa yawa, yana neman wanda zai riƙa ɗaukar masa fitila yana jera mutane, a raba abin da aka samu. Bayan nasa lafiyarsa ƙalau, kowa a gidan ya sani.

Makaranta ta huɗu a jerin ita ce tasu. Malam Ƙamus ya so ya ce ba shi da lafiya, amma ya tuna bakuna huɗu da ke jiransa a gida, ya saɓi ƙafar kyamara ya bi wansa.

Da hannunsa ya jera kujerun a gaban ofis. Malamin lissafi ya zo ya rungume shi, sannan cikin jin nauyi ya zauna a kujerar da ke dama da shugaba. Sabuwar malamar Turanci ta tsaya a ƙarshen layin baya, daidai inda shi ya fara tsayawa shekara goma sha biyu da suka wuce. Ya bi fuskokin da kallo, duk ya san su, kowa ya ɗan ƙara tsufa. Ta cikin tagar ɗakin malamai ya hango fankar nan tana juyawa, ashe an gyara ta.

Mai Hoto ya sunkuya ya sa ido a kyamara, ya ga rabin mutanen ƙasa suke kallo don kunyar haɗa ido da tsohon abokin aikinsu. Ya yi magana a hankali yadda su biyu kaɗai za su ji.

"Auta, yi musu magana."

Wannan karon a gaban mutane ne da gaske, amma bai ce a daina kiransa Auta ba. Ya gyara murya.

"Don Allah a ɗaga haɓa," in ji shi. "A kalli nan."

Darasi: Kafin ka saki aikin da ke hannunka saboda wanda aka yi maka alkawari a nesa, ka tambayi su wa suka daɗe a wurin, su wa suka tafi, kuma me ya kore su. Wurin da ya hana ka jin ta bakin ma'aikatansa yana kuma gaggauta ka, ya riga ya ba ka amsa. Sannan kada ka raina idon ɗan'uwanka don bai iya yaren da ka iya ba. In kana da wani da ke haɗa akwati yanzu haka, tura masa wannan tun takardar ajiye aikin tana aljihunsa.