Rumbun Ciki da Rumbun Waje

Akwai wani mutum, malamin makaranta, sunansa Barnaba, yana da kwamfuta a kan tebur a falonsa. A cikinta yake ajiye takardun aikinsa da hotunan iyalinsa, da wani abu guda da ya fi ƙauna: bidiyon matarsa Afiniki tana waƙa cikin mawaƙan coci, ranar da ya fara ganinta. Wani abokinsa ne ya ɗauka, kuma ba shi a ko'ina sai a nan.

Kowace Lahadi bayan sujada yakan kunna shi. Ita kuwa takan zauna a bakin ƙofa tana tsintar shinkafa, kamar ba ta ji.

Sai ta ce, “Maigida, ba ka gajiya da wannan yarinya mai ƙaton ɗankwali?”

Shi kuma ya ce, “Ai ita na aura. Ke ban san daga ina kika ɓullo ba.”

Sai ta jefe shi da ƙwayar shinkafa, su yi dariya.

Ana nan, ya zo zuba hotunan baftismar 'yarsu, kwamfutar ta ƙi karɓa. Ya ɗauke ta ya kai wa wani dattijo mai gyara. Dattijon ya duba, ya ce, “Malam, rumbun ajiyarta ne ya cika. Hanya biyu ce. Ko ka sayi na waje, ɗan ƙarami mai igiya, ka jona ka cire yadda ka so. Ko kuwa ka bar mini ita kwana biyu, in buɗe ta, in share cikinta, in dasa sabon rumbu a ciki.”

Barnaba ya tuna shekara takwas ba wanda ya taɓa leƙa cikin kwamfutar nan. Ya ji nauyin a ga ƙazantar da ta tara, kuma ba ya son jira. Sai ya sayi na waje. Da ya koma gida, ya kwashe bidiyon waƙar ya mayar can, gama shi ya fi cin wuri.

Rumbun kuwa kyakkyawa ne, baƙi sumul, yana shiga aljihu. A unguwarsu kuma ba a hana maƙwabci aro. Turmi ma yawo yake yi gida gida, balle abin da ake riƙewa a tafin hannu. Maƙwabcinsa ya gani, ya ce zai yi baƙi, a ba shi na kwana biyu ya zuba musu fina-finai. Barnaba ya so ya hana, amma kunya ta sa ya miƙa masa.

Lahadi ta zo, falo shiru. Afiniki ta tsince shinkafarta tsaf, ba ta jefi kowa ba. Da za ta tashi ta ce, “Yau yarinyar taka ta yi tafiya ne?”

Nan take Barnaba ya sa takalmi, ya nufi gidan maƙwabcin. Maƙwabcin ya ce ai ya ba ƙanensa, wani tela. Telan ya ce ai ya kai shagon mai tura fina-finai a bakin kasuwa. Can Barnaba ya tarar da rumbunsa a jone, mai shago ya ɗora hannu zai danna.

Mai shagon ya ce, “Wuri ne bai isa ba, zan share wani tsohon abu. Wata ce kawai take waƙa, hoton ma duk ya dushe.”

Barnaba ya riƙe masa hannu, ya ce, “Wannan da kake ce wa wata, matata ce.”

Kashegari ya mayar da kwamfutar wurin dattijon, ya ce a buɗe. Da aka ɗaga murfin, ga ƙura ta yi kauri kamar auduga, har da mataccen kyankyaso. Barnaba ya sunkuyar da kai.

Dattijon ya ce, “Kada ka ji kunya, Malam. Duk wadda na buɗe haka nake samunta.”

Ya hure ta, ya goge, ya dasa sabon rumbu, ya mayar da waƙar ciki. Ya ce na wajen ma kada a yar, a bar kwafi a kansa, a ɓoye. Afiniki ta karɓa ta sa a ƙasan akwatinta, ƙarƙashin zannuwan aurenta, inda ba maƙwabcin da zai tambaya.

Lahadin da ta biyo, waƙar ta tashi a falo kamar dā. Da aka kai baiti na biyu, Barnaba ya ji murya ta zama biyu. Bai waiwaya ba, don kada ta daina.

'Yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Kwamfutar ita ce zuciyar mutum. Waƙar ita ce ƙaunar nan ta fari da muka yi wa Ubangiji ranar da muka fara saninsa. Kwanaki sukan cika mu da aiki da damuwa, sai mu kwashe wannan ƙauna mu mayar da ita waje: cikin anko, da hidimar coci, da abin da mutane za su gani su yaba. Waɗannan ba mugunta ba ne, suna da wurinsu. Amma abin da yake waje kowa yana iya aronsa, wanda bai san darajarsa ba kuma zai share shi don ya sa nasa.

Dattijon nan shi ne Ubangiji. Muna gudun ya buɗe mu saboda ƙurar da muka tara, alhali bai taɓa buɗe zuciya ya tarar da ita tsaf ba. Ba ya tsawatawa. Hurewa yake yi, ya faɗaɗa wurin, ya mayar da waƙar inda take.

In falonka ya yi shiru kwanan nan, kada ka jira wata Lahadi. Sa takalminka yau.