Ruwan Farko na Rufi Ne

Akwai wani mutum, tsoho, mai gidan haya. Ɗakunan gidan duka rufin kwano ne, rijiya ɗaya ce kuma a tsakar gida, daga ita kowa yake sha. Da rani ya yi nisa sai rijiyar ta janye, har guga yana fitowa da laka.

A kwanakin nan matar wani ɗan haya ta haihu. Uwarta, Inna Kiziya, ta zo daga ƙauye domin wankan jego, safe da yamma tana tafasa ruwa cikin babbar tukunya. Tsohon yana gani, zuciyarsa tana nauyi. In ya hana, ya cuci mai jego. In ya yi shiru, gidan duka zai rasa ruwan sha.

Sai ya fito da duro biyu da marigayiya matarsa takan tari ruwan sama da su. Tun rasuwarta bai taɓa su ba. Ya wanke su, ya toshe inda suke yoyo, ya gyara indararo, ya zauna jira.

Ran nan da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, ruwan farko ya sauko. Mata suka fito a guje, wannan da bokiti, wancan da kwanon wanki. Tsohon kuwa ya rufe duronsa, ya bar ruwan yana kwarara ƙasa.

Inna Kiziya ta riƙe baki. Ta ce, “Mai gida, lafiya? Allah ya aiko, kai kana mayar masa?”

Ya ce, “Inna, wannan na rufi ne. Namu yana baya.”

Ta ce, “Rufi ne ya haihu? Matsa mini!”

Ta tura bokitinta ƙarƙashin indararo. Da ta duba, ga ruwa ja wur da tsatsa, ga kashin tattabaru, ga busassun ganye, har da mushen ƙadangare yana yawo a kai. Ta yi tsalle baya. Gida ya kwashe da dariya, ita ma ta yi har tana share hawaye.

Tsohon ya tara tafin hannunsa yana dubawa, kamar yadda matarsa takan yi. Sai da ruwan ya zo garau, sa'an nan ya buɗe duro. Kafin ruwa ya ɗauke, duka biyun sun cika maƙil.

Ya ce, “Wannan na wanka ne da wanki da shara. Rijiya kuwa ta baki ce kaɗai.”

Inna Kiziya ta ce, “Na ji. Amma ƙadangaren naka ne, ban gaje shi ba.”

Mai jego ta ƙare wankanta lafiya. Rijiya ta huta, ta kwanta, ba wanda ya kwana da ƙishirwa a gidan. Ran da aka kai jaririyar coci, da ruwan rijiyar nan aka dama kunun baƙi, tsohon ya sha kofi biyu.

Ma'anar wannan misali ita ce, ya ku ƙaunatattu: ruwan sama alherin Allah ne, ba ya zaɓen rufi. Rufin kuwa zuciyarmu ce. A cikin dogon rani abubuwa da yawa sukan taru a kanta: fushi, da hassada, da tsohuwar gaba da maƙwabci. Sa'ad da Maganar Allah ta sauko, aikinta na farko wanki ne. Wanda ya yi gaggawar tarawa bai tuba ba, dauɗar kansa zai tara, ita kuma zai miƙa wa 'yan'uwansa. Kada ku ce ruwan tuba ya zube a banza. Ku bar shi ya wanke, sa'an nan ku buɗe duronku da murna. Abin da zai biyo baya zai ishe ku, ya ishi na ɗakin kusa da ku.