Ramukan da Salima Ta Share

Akwai wani manomi a wani ƙauye kusa da Cadawa, ana ce masa Bilyaminu. Gero da aya yake nomawa, in rani ya yi kuma ya ɗaura wa jakinsa amalanke ya yi dako ranar kasuwa. Su uku ne a gidan: shi, da matarsa Salima, da ɗiyarsu Hafiza. Tsohuwarsa, wadda kowa ke kira Gogo, tana gidan wansa, katanga ɗaya ta raba su.

Bilyaminu bai yi nisa a lakol ba, wato makarantar boko. Lissafi ne ya kore shi, don duk ranar da aka yi shi sai ya sha bulala. Shi ya sa ya ƙudurta ɗiyarsa ba za ta san lissafi da kuka ba.

Tun Hafiza ba ta isa shiga lakol ba, in ya dawo bayan la'asar sai ya zauna a ƙasa gindin bedin tsakar gida, itacen da wasu ke kira dogon yaro. Ya haƙa 'yan ramuka a jere, ya tara ƙwallayen aduwa.

"Wannan rami gidan Gogo ne, awaki biyu gare ta. Wannan kuma gidanmu, awaki uku. In duk suka taru a bakin rijiya, nawa ke nan?"

Hafiza ta kwashe ƙwallayen ta zuba rami guda, ta ƙirga da yatsa. In ta faɗi daidai, ya ɗaga ta sama har ta taɓa ganyen bedi. In ta kuskure, sai ya yi kukan akuya, ya ce wata ta ɓace a daji, a sake nemowa.

Wani lokaci ya dunƙule aya a hannu ya ce ta canka. Wani lokaci ya nuna kaji ya ce, "Ƙafafu nawa ke yawo a gidan nan?" Sai ka ga yarinya tana bin kaji da gudu, shi kuma yana dariya har da riƙe ciki.

Salima ba ta son wannan abu. Kunya yake ba ta in maƙwabta suka shigo suka tarar da maigida a ƙasa, wando duk ƙura, yana kukan akuya.

"Haba Malam, da girmanka? Mi ya sa aka yi lakol? Bari madam ta yi aikinta."

"Zo ki zauna ki gani, ko sau ɗaya," in ji shi.

"Ni da aiki gare ni."

Ta bi ta gefen ramukan da tsintsiya tana tsaki.

Shekarar da Hafiza ta shiga lakol, da bazara, Bilyaminu ya dawo daga kasuwa da ciwon kai. Washegari wuya ya sanƙare. Aka ɗora shi a amalankensa aka kai likita, daga can aka ce a wuce da shi Maraɗi. Bai kai ba. A hanya Allah ya karɓi abinsa.

Bayan an watse daga zaman makoki, wata la'asar Salima tana ɗaki sai ta ji murya a tsakar gida. Ta leƙo. Hafiza ce zaune gindin bedi ita kaɗai. Ta kumbura murya kamar ta babanta ta ce, "Awaki nawa suka je rijiya?" Sannan ta koma ɗaya gefen ta amsa da tata muryar. Sai ta yi kukan akuya.

Salima ta zabura. Ba ta san lokacin da ta fito ba. Ta fizge yarinyar, ta kai mata mari, ta kwashe ƙwallayen ta watsa a murhu. Ta ɗauki tsintsiya ta share ramukan har wurin ya koma sumul.

"Ya tafi. Kin ji ko? Kar in ƙara jin wannan wasa a gidan nan."

Hafiza ba ta yi kuka ba. Ta dubi wurin da ramukan suke, ta shige ɗaki.

Daga ranar ta daina magana. Tana cin abinci, tana zuwa aike, in an kira ta ta zo. Amma ko "na'am" babu. Aka karɓo rubutu wajen malam ta sha. Aka kai ta likita, suka duba kunne da maƙogwaro suka ce lafiyarta lau. Kafin a ba da hutu madam, malamar ajinsu, ta zo har gida, ta ce yarinyar da ta fi kowa ɗaga hannu yanzu ko alli ba ta riƙewa.

Da madam ta fita, Gogo ta shigo ta zauna bakin ƙofa.

"Salima, ni ɗa na rasa, ke miji kika rasa. Muna da masu zuwa mana gaisuwa, muna da carbi. Ita wannan ƙawar tawa mi gare ta? Ramukan nan su ne inda take ganin ubanta."

Salima ta sunkuyar da kai. "Gogo, ban iya jin muryar ba. Kamar shi ne ya shigo."

"Na sani. Amma ke babba ce."

Washegari Salima ta aika aka samo mata ƙwallayen aduwa. Da mayafin takabarta ta durƙusa gindin bedi ta haƙa ramuka. Sai a nan ta gane ba ta ma san yadda ake wasan ba, don ba ta taɓa tsayawa ta kalla ba. Ta kira Hafiza. Yarinyar ta zo, ta dubi ramukan, ta juya.

Salima ba ta fasa ba. Ta bar ramuka, ta koma ga abin da hannunta ya sani. In tana dama fura ta ce, "Dunƙule biyu na sa, ga wani guda, sun zama nawa?" Ta jira, ba amsa, ta amsa wa kanta. In tana wanke-wanke ta jera ludaya daga babba zuwa ƙarami. In tana tsinkar zogale ta yi kashi-kashi, ta ce wanne ya fi yawa.

Damina ta sauka, gero ya kai gwiwa, tana nan tana magana ita kaɗai kamar mai taɓin hankali. Wata maƙwabciya har ta ce mata ta haƙura, wataƙila haka Allah ya so yarinyar ta zauna. Ranar Salima ta shiga bayan ɗaki ta yi kuka mai isarta, ta wanke fuska, ta dawo ta ci gaba da jera ludaya.

Abu ɗaya ta lura da shi: Hafiza ta daina tashi daga wurin. Tana zama nesa kaɗan, leɓenta na motsi.

Wata safiya Gogo ta aiko da ƙwan zabi. Salima ta dafa, ta juye a kwano, ta kawo tabarma. Hankalinta na wani wuri, ta fara rabo yadda ta saba tun da. Ta ajiye ɗaya gaban Hafiza, ɗaya gabanta, ɗaya a gefen tabarma inda babu kowa.

"Inna, kin yi kuskure."

Muryar ta dishe, da ƙyar ta fito. Salima ta daskare da kwano a hannu.

"Mu uku ne, an ɗebe ɗaya. Saura biyu."

Salima ta ajiye kwanon. Ta gyaɗa kai, hawaye na zuba a kan zanenta.

Hafiza ta matso kusa. "Inna, in an ɗebe, ana maidawa?"

"A wasa ana maidawa," in ji Salima. "Wannan kam ba a maidawa. Mu ne za mu je mu same shi, in lokacinmu ya yi." Ta jawo ta jikinta. "Ki yafe mini marin nan. Ba ke kika yi laifi ba."

Sai a lokacin Hafiza ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar jana'iza. Gogo ta jiyo ta kan katanga, ta taho har ƙofa, ta tsaya, ta koma ba ta shiga ba.

Da suka natsu, ƙwan na uku yana nan a gefen tabarma ya huce. Salima ta ce, "To wannan fa, ya za mu yi da shi?"

Hafiza ta yi tunani. "A raba biyu."

Salima ta ɓare shi, ta tsinko zare daga bakin zanenta ta yanka shi a tsakiya. Hafiza ta duba da kyau ko wani ɓari ya fi wani, sannan ta miƙa wa uwarta nata. Salima ta karɓa ta sa a baki.

Darasi: Iyaye, zama a ƙasa da yaro ba ya rage girma. Da ƙwallon aduwa, da ludayi, da kajin tsakar gida za ku iya koya masa lissafi yana dariya, kuma abin da zai riƙe ya fi lissafin: ku ɗin ne zai riƙe. Kar ku raina wasan yaro, kar ku huce baƙin cikinku a kansa, in kuma kun ɓata, ku yi haƙurin gyarawa. Ku tura wa wani uba ko wata uwa wannan labari, ko Allah zai sa yau su zauna da nasu tun ana tare.