Manomin da Ya Binne Irinsa Duka

Akwai wani mutum, manomi, a wani ƙauye inda ƙasa jigawa ce, ba ta riƙe ruwa. Yana da gona ɗaya babba wadda ya gada daga ubansa, da mata mai suna Rahila, da 'ya'ya huɗu, babbarsu Asabe. Ba malalaci ba ne, ba kuma mashayi ba. In aka buga ƙararrawar sujada, yana cikin na farkon shiga. Hali ɗaya aka san shi da shi: ba ya son a riga shi.

Mutanen ƙauyen nan suna da al'ada game da iri. Bayan girbi sukan zaɓi zangarniyar gero mafi kyau, su sussuke, su gauraya da toka saboda ƙwari, su raba biyu. Kashi ɗaya na shuka ne. Ɗayan kuwa a zuba shi a tukunya, a liƙe bakinta da yumɓu, a ba uwargida ta ajiye a ɗakinta. Shi ne irin ajiya, ba a fasa shi sai shukar fari ta lalace. Wanda yake sauri yana iya yin binne, wato ya sa iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, don ruwan fari ya same shi a ciki. Amma ba a binne gona duka. Akan binne gefe ɗaya, sauran a jira ruwan da in ka tona ƙasa da hannu za ka iske laima har wuyan hannunka.

Mutumin nan yana da 'yar rediyo wadda yakan rataya a reshen aduwa in yana aiki. A cikinta akwai masu hasashen yanayi. Shekara biyu a jere suka faɗi makon da damina za ta kama, ta kuwa kama. Shekara biyun nan ya yi binne fiye da kowa, geronsa ya riga na kowa nuna, har ana zuwa daga wasu unguwanni a tsaya a bakin gonarsa ana kallo. Tun daga nan ya daina tona ƙasa da hannu.

A shekara ta uku, cikin zafin bazara, masu hasashe suka ce bana damina za ta zo da wuri, za ta kuma yi ƙarfi, ana sa ran ruwa mai yawa kafin makon ya ƙare. Mutumin ya lissafa a ransa cewa in ya binne gonar duka, ya kuma ƙara da saurar da ke bayanta, wadda aka daɗe ba a noma ba, zai yi girbin da ba a taɓa gani ba a ƙauyen. Irin shuka ba zai isa ba, sai an haɗa da na tukunya.

Wansa, Barnaba, dattijo ne mai jan ƙafa a kowane abu. Ya same shi yana wasa sungumi, ya ji abin da yake shiri, ya tambaye shi ko shi mai maganar nan na cikin akwati yana da gona, in kuwa yana da ita, ko ya binne nasa irin.

Mutumin ya yi dariya ya ce, "Yaya, kai ai sai ruwa ya jiƙa maka hula kafin ka yarda ana ruwa. Waɗannan mutane sun yi karatu, suna da na'urar da ke ganin hadari tun yana wata ƙasa."

Barnaba ya ce bai musa karatunsu ba, shi dai ya lura ba su taɓa cewa sun rantse ba. Ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Da mutumin ya shiga gida ya nemi tukunyar, Rahila ta tuna masa cewa ko a shekarar da uwarsa ta kwanta ciwo, abinci ya ƙare, ba a fasa ta ba. Ta roƙe shi ya bar ko mudu biyu a ƙasanta. Ya ce mata mudu biyun nan a cikin tukunya mudu biyu ne har abada, a cikin ƙasa kuwa dami ne. Ta ɗauko ta ajiye a gabansa. Shi da kansa ya fasa yumɓun.

Kwana uku suna binne, shi yana sara, ita da yaran suna zuba iri suna rufewa da diddige. Ran Alhamis da la'asar hadari ya taso daga gabas, aka yi iska, aka yi ruwa. Mutumin ya tsaya a ƙofar gida yana jiƙewa, yana aika wa Barnaba da gaisuwa, wai a tambaye shi yaya hularsa. Barnaba ya fita bayan ruwa ya ɗauke, ya tona ƙasa, ya ga laima ba ta wuce gaɓar yatsa biyu ba. Ya koma gida bai taɓa irinsa ba.

Ruwan da ba ya isa shuka yana isa ya ta da iri. A kwana na huɗu gonar mutumin ta yi kore tun daga bakin hanya har ƙarshen saura, layi layi, abin sha'awa. Daga nan sama ta bushe. Kullum rediyo tana cewa ana sa ran ruwa nan da kwana biyu ko uku, kullum rana tana fitowa fes. Tsiron ya nannaɗe ganyensa, ya yi fari, ya kwanta. A kwana na goma sha tara, in ka taɓa shi sai ya marmashe a hannunka.

Ruwan shuka na gaske ya sauko a ranar da masu hasashe suka ce sama za ta kasance garau. Aka wuni ana yi. Washegari da safe ƙauyen duka ya fita da sungumi da ƙorai, masu binnen da ya ƙone suna fasa tukwanensu. Mutumin ya zauna a tsakar gida har rana ta ɗaga. Sa'an nan ya kira matarsa, ya tambaye ta a hankali, ba ya duban fuskarta, ko ta ɗan ɗebi wani abu ta ɓoye kafin ta kawo masa tukunyar, yadda mata sukan yi.

Ta ce, "Baban Asabe, ka ce in kawo duka, na kuwa kawo duka."

Ya tashi ya tafi gonar wansa, ya tsaya a gefe har Barnaba ya kai ƙarshen layi. Barnaba bai yi masa ba'a ba, bai kuma tuna masa da komai ba. Ya aika gida aka fasa tasa tukunyar, ya ba shi abin da ke ciki duka, ya ce masa ya yi sauri tun ƙasa na da laima. Irin ya isa kashi ɗaya cikin uku na gonar. Sauran gonar ta kwana ciyawa a shekarar, gidan kuma suka ci tuwo sau ɗaya a yini tun daga tsakiyar rani har sabon gero ya nuna.

Ma'anar wannan misali ita ce: gonar ita ce ranka, irin kuwa shi ne dogararka, abin nan da in ka zuba shi a wuri ba ya kwasuwa. Masu hasashe su ne dukan waɗanda suke gaya mana yadda gobe za ta kasance: likitan da ya ce sauran wata kaza, babban mutumin da ya ce ka zo bayan biki akwai aiki, ɗan kasuwar da ya ce farashi zai tashi, har da mai wa'azin da yake sa wa albarkar Allah rana da wata. Yawancinsu ba maƙaryata ba ne. Suna faɗin iyakar abin da suka hango, suna kuwa hangowa fiye da mu. Amma mai ganin hadari daban yake da mai aiko da ruwa.

Ku lura da abin da ya kā da mutumin nan. Da masu hasashe sun yi kuskure tun shekarar fari, da ya tsira. Daidai ɗin da suka yi sau biyu ne ya sa ya ba su abin da ba nasu ba. Haka yake da mu. Ba mu cika dogara ga wanda ya saba ba mu kunya ba. Wanda maganarsa ta taɓa cika, shi muke fasa wa tukunya.

Ba a ce ku kashe rediyo ba, ba a kuma ce ku ƙi likita ba. Ku saurara, ku yi shiri, ku yi binnenku gwargwado. Amma akwai dogarar da ta Ubangiji ce shi kaɗai, wadda ba a miƙa wa ɗan adam kome iliminsa. Shi ne bai taɓa cewa "ana sa rai" ba, gama gobe a hannunsa take.

Barnaba kuwa yana nuna mana alherin Allah, wanda yake karɓar mai dawowa hannu wofi ba tare da gori ba. Duk da haka kashi biyu na gonar ba su ba da kome ba, kuma yara huɗu da ba a yi shawara da su ba suka sha yunwar tare da ubansu. Saboda haka, 'yan'uwa, kafin ku zuba dukan abin da kuke da shi a kan maganar wani game da gobe, ku dubi fuskokin waɗanda suke cin abinci a hannunku.