Ginshiƙai Biyu da Mai Ido Ya Cire

An taɓa yin wani mutum, magini, wanda a garinsu babu na biyunsa. Sunansa na gaskiya ya ɓace a bakin mutane, sai laƙabi: Mai Ido. Dalili kuwa, in ya kanne ido ɗaya ya dubi bango ya ce ya karkace da faɗin yatsa, to a kawo ma'auni a gwada, faɗin yatsan nan ne, ba ƙari ba ragi. Yakan damƙi yashi ya murza, ya ce a mayar da motar, akwai ƙasa a ciki. Daga bakin ƙofa yakan ji ƙarar shebur a kwaɓi ya san an cika ruwa.

Shekara talatin yana gini, ko ɗaya bai taɓa tsagewa ba. In yana tafe a mota da iyalinsa sai ya rage gudu yana nuni: "Wancan ni na yi. Wancan benen ma ni ne." Matarsa takan ce, "Malam, ka bar wa sauran magina ko banɗaki ɗaya mana." Ya yi dariya har da buga sitiyari.

Ya 'yan uwa, wannan ba laifi ba ne. Mutum ya kyautata aikinsa, ya ji daɗin abin da hannunsa ya yi. Ku biyo ni ku ga inda laifin ya shigo.

Yana da 'yar ƙaninsa da ya riƙe tun da ubanta ya rasu. Sunan mahaifiyarsa gare ta, don haka Uwata yake kiranta. A wurin gini ta tashi, tana riƙe masa bakin tef ɗin awo. Da ta girma ta karanci zanen gine-gine, ta fito da sakamako mai kyau. Ranar nan duk wanda ya gamu da Mai Ido sai ya ji labari. "Ni na fara koya mata awo," in ji shi.

Sai wata ƙungiyar tsofaffin malaman makaranta ta tashi gina bene, ƙasa ɗakin taro, sama ɗakin karatu. Uwata aka ba zane, Mai Ido aka ba gini. Ta yi wata uku a kai, ita da wani injiniya mai lissafin nauyi. Ta kawo zane shafi-shafi, da littafi mai kauri na ƙa'idojin aikin: kaurin rodi, yawan siminti a kowane kwaɓi, irin tayil ɗin da za a shimfiɗa a sama, inda kantocin littattafai za su tsaya. A shafin farko an rubuta cewa duk wanda zai canza wani abu, sai ya koma wa mai zane a rubuce.

Mai Ido ya ɗaga littafin yana jinjina nauyinsa. "Uwata, gini za mu yi ko shari'a?"

Ta ce, "Baba, littattafai nauyi gare su. Mutane su zo su tafi, amma littafi in an ɗora shi ya zauna ke nan."

Ana cikin aiki Uwata, da ke gidan mijinta, ta haihu, haihuwar ta zo da wahala, ta kwanta makonni. Injiniyan kuma ya tafi wani aiki nesa, hankalinsa kwance. Wa zai tsaya a kan Mai Ido?

A zanen akwai ginshiƙai biyu a tsakiyar ɗakin taro. Wata rana shugaban ƙungiyar ya zo zagaye, ya tsaya inda aka ɗaura rodinsu, ya ce, "Kai, da babu waɗannan, da ɗakin nan ya ba da sha'awa. Amma na san dole ne."

Kalmar nan ta dole ita ta soki Mai Ido. Ya ce, "A hannun wani ne suke dole."

Washegari ya sa a yanke rodin. Mai ɗaurin rodinsa dattijo ne, abokinsa, tare suka fara leburanci suna samari. Ya ajiye almakashin ƙarfe ya ce, "Maigida, takarda fa ba haka ta ce ba."

"Takarda ta taɓa ɗaukar bulo?"

"To ka buga wa yarinyar waya mana. Minti biyu ne."

"Ni? In nemi izni wurin wadda na goya? Zan ƙara wa gadar kankaren sama kauri, in ƙara rodi. Yanke."

Mai rodi ya yanke.

Ku dubi wannan wuri da kyau. Mai Ido bai saci siminti ba. Bai rage rodi don ya cika aljihu ba, ƙarawa ma ya yi. Abin da ya gagare shi guda ɗaya ne: ya buɗe baki ya tambayi wanda ya raina. Mu nawa ne a nan tambaya ta fi mana ɗaukar dutse nauyi?

Aka zuba dekin, wato daɓen kankaren sama, ya bushe, aka cire katakon tokara. Dekin ya tsaya cak. Ɗakin ya fito fili guda, tun daga ƙofa har bangon ƙarshe babu abin da ke tare ido. Magina suka riƙa zuwa kallo suna girgiza kai. Mai Ido yana tsaye a tsakiya, hannu a baya, yana amsa gaisuwa.

Yabo kuwa ba ya ƙosar da mai shansa. Littafi ya ce tayil marar nauyi, shi ya shimfiɗa na dutse mai sheƙi. Littafi ya ce kantocin katako a jikin bango, shi ya jera na ƙarfe layi-layi a tsakiya, daidai saman inda ya cire ginshiƙan.

Da Uwata ta samu sauƙi ta zo, da goyo a bayanta. Ta shiga ɗakin taro ta tsaya. Ta jira har ma'aikata suka ba da wuri, sannan ta rage murya.

"Baba, ina ginshiƙan?"

"Dubi ɗakin nan ki faɗi tsakaninki da Allah. Bai fi kyau ba?"

"Ya fi kyau, Baba. Amma ba zai tsaya ba. Don Allah a mayar da su, ni zan ce kuskurena ne a zane. Ba wanda zai ji."

Ga ƙofa an buɗe masa, ya 'yan uwa, har da rufin asiri. Sai ya miƙa mata takardar shaidar kammala aiki ya ce ta sa hannu. Ta ce, "Ka yafe mini, Baba, ba zan iya ba."

Ya karɓe takardar. Ya sa nasa hannun cewa an bi zane sau da ƙafa. Ya gaya wa ƙungiya cewa Uwata ta amince da baki. Girman kai ya haifi ƙarya.

Ta koma gida tana hawaye, ta rubuta wa ƙungiya da hukumar gine-gine wasiƙa cewa kada kowa ya shiga benen sai an bincika. Dangi suka yi mata ca: "Mutumin da ya riƙe ki za ki tona?" Shi kuwa ya aika mata kada ta sake taka gidansa. Ba ta janye ko harafi ɗaya ba.

Hukuma ta sa ranar zuwa. Mai Ido ya ce kafin su zo zai hau da littattafan duka, su tarar da bene ɗauke da kayansa, su ji kunya. Kwana biyu leburori suna hawa da kwalaye. A rana ta uku da hantsi, mai rodi yana ƙasa tare da masu fenti, sai ya ga gari yana zubowa daga silin. Ya ɗaga kai ya ji ƙara kamar ana karya itace. Ya kwarma ihu, ya riƙa tura mutane waje. Na sama suka duro ta matakala. Kowa ya fita, shi ne na ƙarshe, kuma bai ƙarasa ba.

Dekin ya rufto. Aka tono shi da rai, amma ƙafafunsa biyu sai yankewa aka yi. Mai Ido yana bakin ƙofar shiga yana tsara wa shugaban ƙungiya inda za a jera kujeru. Ko ƙwarzane bai yi ba.

A wurin bincike ba a ɗaga murya ba. Tebur aka share aka shimfiɗa takardu. Ga zane da ginshiƙai biyu. Ga shafin da ya hana canji sai a rubuce. Ga wasiƙar Uwata da kwanan watanta. Ga shaidar kammala aiki.

Aka ce wa Mai Ido, "Wannan sa hannunka ne?"

Ya dubi takardar ya ce, "Nawa ne."

Aka ƙwace lasisinsa, aka ɗaure shi shekara uku. Mutane suka fara kwashe kaya daga duk gidan da ya taɓa ginawa. Uwata ce ta nemi tsofaffin zane-zanen, ta bi gine-ginen ɗaya bayan ɗaya tare da injiniyoyi. Suka tarar kowanne lafiya lau, domin a kowanne ya bi takarda daidai. Ta rubuta haka, ta sa hannu, mutane suka koma gidajensu. Wadda ya kora ita ta tsare abin da ya rage na mutuncinsa.

Da ya fito ya je gidan abokinsa, ya durƙusa gaban kekensa na guragu. Mai rodi ya ce, "Tashi, na yafe maka tuntuni. Ni ma da hannuna na yanke, ina sane." Daga ranar har ya bar duniya ba a sake kiran Mai Ido ko gyaran katanga ba.

Ya 'yan uwa, ƙa'idar da aka rubuta aka damƙa maka amana ce, ko ɗanka ne ya rubuta ta. Sa hannunka shaida ce, za a tambaye ka a nan, a sake tambayarka a can. Gwaninta baiwa ce daga Allah, kuma ranar da ka ga ka wuce a yi maka gyara, ranar ka fara gangarowa. Magini, tela, direba, likita, malami, har ni da nake muku magana, babu wanda ya tsira daga wannan.

Allah ya kiyaye mu daga girman kan da ke toshe kunne. Ya ba mu ikon tambaya in ba mu sani ba, da ikon komawa in an nuna mana. Kada Ya sa wani ya nakasa ta dalilin hannunmu. Amin.