Akwatin da Babu Mace

An yi wani mutum mai kiwon kifin ado, 'yan ƙananan nan da ake zubawa a akwatin gilashi don kallo. Ya gaji wani iri daga mahaifinsu wanda babu mai shi sai gidansu. Namijin jela ja kamar garwashi, macen kuwa toka-toka, ba mai waiwayarta.

Sai ya ji labarin wani magani da ake kwaɓawa cikin abincin 'ya'yan kifi, su tashi duk maza, su yi launi da wuri. Ya hango riba biyu: kaya masu ɗaukar ido, kuma ba wanda zai saya ya je ya hayayyafa a gida. Ya sayo maganin, ya fara ba 'ya'yan kifin da zai sayar. Ni kaina na sayi biyu. Na daɗe ina leƙen gilashi ina jiran ƙaruwa, ashe gwauraye nake ciyarwa.

Ƙanensa ya zo ya ce, "Yaya, mace ɗaya kawai. Ai na Baba ne."

Ya ce, "Baba ya bar maka hancinsa, bai ishe ka ba?"

To, mutumin nan ko ruwa ba ya iya zubarwa. Wanda ya zuƙo daga akwatunan magani, shi yake ƙara wa akwatin da ya ware don iri. 'Ya'yan ciki suka tashi jajur, ya ce albarka ce. Tsofaffin iyayen suka riƙa mutuwa, bai kula ba. Ranar da ya sa raga zai ware mata, ya dube akwatin kaf, babu.

Ya bi gidajen masu saye. Wa ya taɓa sayar wa mace? Ya je wurin ƙanen.

"Ka tabbata ban taɓa ba ka ko ɗaya ba?"

"Yaya, da ka ba ni, da yau ka samu."

Na bi ta shagonsa kwanaki. Injin ba kifi iska na ta kumfa a cikin akwatin. Mazan na kewaya suna baza jela, ba wadda za su yi wa, kullum kuma suna raguwa. Shi yana tsugune, goshi manne da gilashi.

Ya 'yan uwa, wa ya cuce shi? Ya taɓa halittar Allah don kada wani ya samu. Abin da ka ba ɗan'uwanka ajiya ce, abin da ka hana shi kuma ba ka da wurin nemansa.

Allah ya kiyaye mu da rowar da ke yanke iri. Amin.